SANARWAR BAYAN TARO KAN WASIYYA DA WAƘAFI DON TALLAFA WA BINCIKEN LAFIYA A JIHAR BAUCHI

GABATARWA

Ƙungiyar da ta haɗa likitoci, masu binciken lafiya, malaman fiƙihu, lauyoyi da 'yan kasuwa mazauna birnin Bauchi ta gudanar da taronta na musamman a cikin birnin, domin duba hanyar da mai hali zai bi, tun yana da rai da lafiya, ya ware wani yanki na dukiyarsa wanda za a kashe bayan rasuwarsa wajen binciken cututtukan da suka addabi al'ummar wannan yanki. An buɗe taron da addu'a, aka saurari jawabai daga ɓangaren likitanci, ɓangaren shari'ar Musulunci da ɓangaren dokokin ƙasa, sannan mahalarta suka yi muhawara a kan kowane batu har aka kai ga matsaya. A ƙarshe taron ya amince da a fitar da wannan sanarwa domin amfanin jama'a da hukumomin da abin ya shafa.

ABUBUWAN DA TARON YA LURA DA SU

1. Taron ya lura cewa mutanen Bauchi ba baƙi ba ne a fagen kyauta saboda Allah, domin masallatai, makarantun Islamiyya, rijiyoyin burtsatse da abincin buɗa-baki da ake gani a unguwanni shaida ce a kan haka. Sai dai kusan duk wannan alheri yana tafiya ne ga abin da ido ke gani nan take, yayin da binciken da ke gano musabbabin cuta da hanyar maganinta, wanda amfaninsa kan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, bai samu gurbi a tunanin masu bayarwa ba, balle a cikin wasiyyoyinsu.

2. Taron ya yi nazarin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ya kuma lura cewa rahotannin Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, suna sanya Bauchi tare da Ondo da Edo cikin jihohin da cutar ta fi ƙamari, musamman da rani, lokacin da ɓeraye ke shiga gidaje da rumbuna neman abinci. Sama da shekara 50 bayan gano cutar, babu rigakafinta da aka amince da shi, kuma maganin ribavirin da ake ba majinyata har yanzu masana suna neman ƙarin hujja a kan iyakar amfaninsa. Likitoci sun bayyana wa taron cewa majinyaci kan shafe kwanaki ana yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot a shagon magani, sai jiki ya yi tsanani a kawo shi asibiti, kuma a wannan tsakanin ne masu jinya da ma'aikatan lafiya ke kamuwa.

3. Taron ya kuma duba amosanin jini, wato sikila, wanda ake ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi a Najeriya kowace shekara, da yoyon fitsari, wanda saboda yawansa aka kafa cibiya ta ƙasa a Ningi, da saran maciji da ke halaka manoma da makiyaya, da mutuwar mata wajen haihuwa, da ciwon ƙoda. Taron ya gamsu cewa waɗannan cututtuka na talakawa ne, ba sa jawo hankalin manyan kamfanonin magunguna domin babu riba mai yawa a cikinsu, don haka idan mutanen da suke fama da su ba su ɗauki nauyin bincikensu ba, zai yi wuya wani daga nesa ya ɗauka har abada.

4. Taron ya tabbatar cewa binciken da aka yi a ƙasarmu ya riga ya nuna amfaninsa. Maganin dafin kububuwa mai suna EchiTAb ya samu ne ta haɗin gwiwar masana na Najeriya da takwarorinsu na Birtaniya da Kosta Rika, da dafin macizan da aka kama a nan, kuma an gwada shi a asibitin Kaltungo, garin da yake cikin Jihar Bauchi kafin a ƙirƙiri Jihar Gombe a 1996. Haka nan a Kano, binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna cewa maganin hydroxyurea yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila.

5. Taron ya lura cewa jihar tana da cibiyoyin da za su iya ɗaukar irin wannan aiki, waɗanda suka haɗa da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Asibitin Koyarwarta, Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare, Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da Cibiyar Yoyon Fitsari ta Ningi. Masu bincike sun nuna wa taron cewa tallafin da ake samu daga asusun TETFund ko daga ƙasashen waje yana zuwa ne da wa'adi, alhali bukatun ɗakin gwaje-gwaje ba su da wa'adi. Samfurin jinin da aka ɗauko daga ƙauye a cikin kula mai ƙanƙara sai an adana shi a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma ɗaukewar wuta ta kwana ɗaya, idan babu sola ko man janareta, tana iya lalata aikin shekara guda. Kuɗin da ke riƙe irin wannan firiza, da sinadaran gwaji, da albashin mai tattara bayanai, su ne tallafi mai wa'adi ke bari a baya idan ya ƙare.

6. Malaman fiƙihu sun yi wa taron bayani cewa idan Musulmi ya rasu ana fara fitar da kuɗin jana'izarsa daga abin da ya bari, sannan a biya basussukan da ke kansa, sannan a zartar da wasiyyarsa, abin da ya rage kuma shi ne na magada. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda ya tabbata a hadisin Sa'adu bin Abi Waƙƙas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka nuna masa cewa sulusin ma yana da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙo. Ba a yi wa magaji wasiyya, kuma abin da ya haura sulusi ba ya zartuwa sai da amincewar magada. Don fayyacewa an kawo misali: wanda ya bar dukiyar naira miliyan 30, aka fitar da miliyan 3 na jana'iza da bashi, to iyakar abin da wasiyyarsa za ta ci shi ne miliyan 9, sauran miliyan 18 haƙƙin magada ne da babu mai taɓa shi.

7. Malaman sun ƙara da cewa a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke aiki da littattafanta irin su Risala, Mukhtasar da Tuhfa, wasiyya ga masallaci da makamantansa na maslahar jama'a ta inganta, ana kashe ta a kan bukatun wurin, kuma asibiti da cibiyar bincike suna shiga wannan babi. Sun bambanta wasiyya da waƙafi: mai wasiyya yana da ikon sauya ta ko janye ta muddin yana raye, amma wanda ya yi waƙafi a lokacin rayuwarsa sai ya fitar da abin daga hannunsa, ya miƙa shi ga masu kula tun kafin cutar ajali ko mutuwa ta riske shi, in ba haka ba waƙafin ya ɓaci. Kyautar da mutum ya yi a cikin cutar ajali kuwa hukuncinta na sulusi ne. Taron ya gamsu da bayaninsu cewa dukiyar da aka tsayar don binciken magani tana haɗa biyu daga cikin abubuwa uku da hadisin Muslim ya ce ladarsu ba ta yankewa da mutuwa, wato sadaka mai gudana da ilimi mai amfani.

8. Lauyoyi sun ja hankalin taron ga yadda wasiyyoyi da dama ke mutuwa tare da masu su. Ranar rabon gado, bayan an shimfiɗa tabarma a zaure, sai wani ya fito da takarda daga cikin littafi ko ƙarƙashin katifa, da rubutun mamaci amma babu shaida ko ɗaya, ko kuma aboki ya ce mamacin ya taɓa gaya masa a kasuwa cewa gidan kaza na asibiti ne. Daga nan sai gardama, sai kotu, sai zumunci ya lalace, niyyar alherin kuma ta tafi a banza. Sun kuma bayyana cewa waɗanda ba Musulmi ba suna rubuta wasiyyarsu ne bisa dokar wasiyya, wadda ta shar'anta sa hannun mai wasiyya a gaban shaidu biyu a lokaci guda, ta kuma hana shaida cin gajiyar wasiyyar da ya shaida.

9. Taron ya waiwayi tarihi ya ga cewa wannan hanya tsohuwa ce. Asibitin Nuri da aka gina a Dimashƙa a 1154 da Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 duk da waƙafi aka riƙe su, ana jinya ana kuma koyar da likitanci a cikinsu. Likitan nan Ibnun Nafis, wanda ya yi bayanin yadda jini ke bi ta huhu, da zai rasu a 1288 gidansa da littattafansa ya bar wa Asibitin Mansuri. A zamanin nan, wasiyyar Henry Wellcome, mai kamfanin magunguna da ya rasu a 1936, ita ta haifar da gidauniyar Wellcome, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya wajen tallafa wa binciken lafiya, har da na zazzaɓin cizon sauro. Ƙungiyar binciken cutar daji ta Birtaniya kuwa, Cancer Research UK, kusan kashi ɗaya cikin uku na bincikenta da kuɗin wasiyya ake yin sa.

10. Taron bai kau da kai daga dalilan da suka sa jama'a ke ɗari-ɗari da kalmar bincike ba. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda yara 11 suka rasu, ya jawo doguwar shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, amma a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da wannan lamari ya bari yana cikin abubuwan da suka rura ƙin allurar shan-inna a 2003. Taron ya ɗauki darasi cewa babu wanda zai ba da sulusin dukiyarsa ga aikin da bai yarda da shi ba, kuma binciken da kuɗin 'yan gida ke riƙe da shi ya fi zama a ƙarƙashin idon 'yan gida.

ƘUDURORIN TARON

1. Taron ya amince cewa ware wani abu daga sulusi, ko tsayar da waƙafi, domin binciken lafiya halal ne kuma abin kwaɗaitarwa ne, ya kuma ɗora wa kowane mamba nauyin fara duba nasa al'amarin, ya rubuta wasiyyarsa ya tsara bashinsa, kafin ya kira waninsa zuwa ga haka.

2. Taron ya jaddada cewa haƙƙin magada yana gaba da kowace irin gudummawa. Ba za a shawarci mai ƙaramin ƙarfi ko mai ƙananan 'ya'ya da ya cika sulusi ba, ba za a karɓi wasiyyar da ta haura sulusi ba sai da rubutacciyar amincewar magada baligai bayan rasuwa, kuma ba za a karɓi wadda alamu suka nuna an yi ta ne don a cuci wani magaji ba.

3. Taron ya kafa kwamiti mai wakilcin malamai, likitoci, lauyoyi, 'yan kasuwa da mata, domin ya tsara kundin asusu na musamman, ya shirya rajistar amintattunsa a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, bisa dokar kamfanoni ta 2020, ya kuma gabatar da rahotonsa cikin wata uku.

4. Taron ya sanar da jama'a cewa kafin kammala wannan rajista da bayyana sunayen amintattu a bainar jama'a, ba a ba kowa izinin karɓar kuɗi, takardar fili ko alƙawari da sunan wannan ƙungiya ba, kuma duk wanda ya zo da irin wannan buƙata a kai rahotonsa ga hukuma. Wanda yake son rubuta wasiyyarsa tun yanzu yana iya ambaton cibiyar da ya zaɓa kai tsaye.

5. Taron ya amince cewa asusun zai riƙe uwar dukiya ne ba tare da cin ta ba, gida ko shago ko gona ko kuɗi, ya juya ta ta hanyoyin da babu riba haramtacciya a cikinsu, a riƙa kashe abin da ta haifar kawai. Kuɗin gudanarwa ba zai wuce kashi 10 cikin 100 na abin da ya shigo a shekara ba. Amintattu ba za su karɓi albashi ba. Kuma za a buga rahoton mai binciken kuɗi mai zaman kansa kowace shekara da Hausa da Turanci.

6. Taron ya yanke cewa ba za a haɗa kuɗin zakka da na wannan asusu ba, domin zakka tana da masu cin ta da aka ƙayyade, kuma za a mutunta sharaɗin mai bayarwa: wanda ya ce dukiyarsa ta tafi ga binciken sikila ba za a karkatar da ita ga wani abu ba, sai dai idan ya rubuta da kansa inda za a mai da ita in manufar farko ta cika ko ta gagara.

7. Taron ya shar'anta cewa asusun ba zai ɗauki nauyin kowane bincike ba sai wanda kwamitin ɗa'ar bincike, mai rajista a wajen kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa, ya amince da shi, wanda aka yi wa mahalartansa cikakken bayani da harshen da suke ji kafin a nemi yardarsu, wanda ƙin shigarsa ba zai hana majinyaci samun kulawa ba, kuma wanda za a dawo da sakamakonsa a bayyana wa al'ummar da aka yi shi a cikinta.

8. Taron ya haramta wa mambobinsa likitoci da ma'aikatan jinya yi wa majinyacin da ke hannunsu maganar wasiyya ga asusun ko ga cibiyar da suke aiki, ko zama shaida a kanta, domin kada a yi amfani da raunin mara lafiya. Maganar wasiyya ta lokacin lafiya ce da cikakken hankali.

9. Taron ya umarci kwamitin da ya fitar da samfurin takardar wasiyya cikin Hausa, da boko da ajami, wanda zai ƙunshi cikakken sunan cibiyar da aka yi wa wasiyya, bayanin kadarar ko kason da aka ware, sunan wasiyyi, jerin basussuka da sa hannun shaidu biyu adilai waɗanda ba su da rabo a ciki. Taron ya ba da shawarar a ambaci kaso, kamar rabin sulusi, maimakon adadin kuɗi, saboda yadda darajar naira ke sauyawa, a kuma sanar da iyali tun ana raye.

10. Taron ya fayyace cewa duk abin da ya tattauna ya shafi dukiya ne kaɗai, bai shafi bayar da gawa ko sassan jiki ba, kuma asusun a buɗe yake ga Musulmi da Kirista, kowa bisa tsarin da ya hau kansa, domin amfanin binciken na kowa ne.

KIRA GA HUKUMOMI DA JAMA'A

1. Taron yana kira ga Gwamnatin Jihar Bauchi da ta sauƙaƙa bayar da amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta shar'anta wajen sauya mallakar filaye da gidajen da aka yi waƙafinsu don lafiya, ta yafe musu kuɗaɗen rajista, ta kuma sani cewa gudummawar jama'a ƙari ce a kan nauyin da ke wuyanta, ba madadinsa ba.

2. Taron yana kira ga Majalisar Dokokin Jiha da ta duba dokokin da suka shafi waƙafi domin ƙarfafa kariya ga kadarorinsa daga masu cin amana, tare da nazarin tsarin da jihohin Sakkwato da Zamfara ke bi a hukumominsu na zakka da waƙafi.

3. Taron yana kira ga Hukumar Shari'a ta Jiha, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da Babbar Kotun Jiha da su samar da hanya mai sauƙi ta ajiye wasiyya a sirrance, wadda talaka zai iya bi ba tare da tsada ba.

4. Taron yana roƙon Mai Martaba Sarkin Bauchi da sauran iyayen ƙasa, limamai, malamai da shugabannin majami'u da su sanya batun rubuta wasiyya cikin huɗubobi da wa'azozinsu, su kuma kawar da camfin da ke cewa rubuta wasiyya kiran mutuwa ne.

5. Taron yana kira ga shugabannin jami'o'i da asibitocin jihar da su buɗe asusu na daban don kyautar bincike, su ware jami'in da zai amsa tambayoyin masu niyyar bayarwa, su kuma riƙa bayyana wa jama'a abin da bincikensu ya gano.

6. Taron yana kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Wunti, Muda Lawal da Babbar Kasuwa, da gidajen rediyo da talabijin na jihar, da su ba da dama a yi wa jama'a wannan bayani, a kuma fahimtar da su cewa shago ɗaya ko kadada ɗaya ta gona, idan aka tsare ta da amana, tana iya riƙe ɗalibin bincike shekara da shekaru.

RUFEWA

 Taron ya yi addu'ar rahama ga ma'aikatan lafiya da sauran jama'ar da suka rasa rayukansu sakamakon waɗannan cututtuka, da neman sauƙi ga marasa lafiya. An amince cewa ƙungiyar za ta sake zama a birnin Bauchi da zarar kwamiti ya miƙa rahotonsa, domin duba kundin asusun da tantance amintattu, kuma za a sanar da jama'a sakamakon wannan zama ta kafafen yaɗa labarai.

Sa hannu:

Shugaban Taro

Sakataren Taro

A madadin dukkan mahalarta